Masu Karatun Kan Sarki: Tarihin Ƙungiyar Nazarin Wasiƙun Afirka ta Yamma

A shekarar 1950, shekara goma kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, wasu Turawan Ingila masu sha'awar tara kan sarki suka kafa ƙungiya da suka sa wa suna British West Africa Study Circle. Manufarsu ita ce nazarin kan sarki da harkar aika wasiƙu a ƙasashe huɗu da Birtaniya ke mulka a wannan yanki, wato Gambiya da Saliyo da Gwalkwas, wadda ta zama Gana, da kuma Nijeriya. Daga baya suka cire kalmar farko daga sunan, ta zama West Africa Study Circle, kuma da wannan suna take aiki har yau. Ƙaramar ƙungiya ce, mafi yawan mambobinta suna zaune a Birtaniya da sauran ƙasashen Turai da Amurka, kuma da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunanta a Kano ko Zariya. Duk da haka, wanda yake son sanin yadda wasiƙa take fita daga Zungeru ta isa Landan a 1905, da kuɗin da aka biya mata, da hannuwan da ta bi, a rubuce-rubucen waɗannan mutane zai fi samun amsa.

Sha'awar tara kan sarki ta girmi ƙungiyar nesa ba kusa ba. An fara amfani da kan sarki na farko a duniya a Ingila a watan Mayun 1840, bisa shawarar Rowland Hill, wanda ya ga cewa ya fi sauƙi mai aika wasiƙa ya biya kuɗinta tun farko maimakon a bar wa mai karɓa. Cikin shekaru ashirin mutane suka fara tara waɗannan 'yan takardu, kuma a 1869 aka kafa ƙungiyar masu tarawa ta Landan, wadda ta sami laƙabin ƙungiyar sarauta a 1906. Sarki Joji na Biyar kansa gwanin tarawa ne, ya kuma shugabanci ƙungiyar kafin ya hau gadon sarauta. A farkon lamari mai tarawa yana burin ya mallaki kan sarkin duniya baki ɗaya. Da ƙasashe suka yawaita, kowace tana buga nata, burin ya gagara, sai mutane suka koma kowa ya zaɓi yanki ɗaya ya zurfafa a kansa. Daga nan ne ƙananan ƙungiyoyin nazari suka samo asali. Ta masu nazarin Masar ta kafu a 1935, ta tsibiran Karibiyan na Birtaniya a 1954, tamu ta Afirka ta Yamma ta faɗo a tsakaninsu.

Lokacin kafuwarta yana da ma'ana. Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba, kuma Turawa da yawa sun koma gida bayan sun yi aikin soja ko na gwamnati ko na kamfani a Legas da Ankara da Firitawun. Wasu sun koma da akwatunan tsofaffin ambulan, wasu kuma sun gaji wasiƙun da iyayensu suka aiko gida tun zamanin Lugga. Abin da suka rasa shi ne bayani. Kundin farashi na kamfanin Stanley Gibbons yana faɗin launin kan sarki da shekararsa da abin da zai yi a kasuwa, amma ba ya faɗin ranar da aka buɗe gidan waya a Yola, ko dalilin da ya sa wata wasiƙa ta ɗauki tambari uku a bayanta. Irin waɗannan tambayoyi ne suka haɗa su. Tsarin aikinsu bai canza sosai ba tun daga lokacin: a haɗu a zaure, wani ya baje abin da ya tara a kan allo, ya yi bayani, sauran su duba, su yi gardama, wanda yake da wata shaida ya kawo.

A watan Janairun 1975 ƙungiyar ta fara fitar da mujallarta mai suna Cameo, da farko sau biyu a shekara, daga baya sau uku. An ɗauko sunan ne daga kan sarkin Gambiya na farko, na 1869, wanda aka buga kan Sarauniya Biktoriya a jikinsa fari fat, a tashe kamar sassaƙa, cikin da'ira mai launi. A ganina wannan mujalla ita ce babban abin da ƙungiyar ta yi. Kafin ta, abin da mutum ya gano yakan tsaya a zauren taro ko a 'yan takardun da ake zagayawa da su tsakanin mambobi. Bayan ta, kowane ƙaramin bincike ya sami wurin zama. Wani zai rubuta shafi guda cewa ya ga tambarin wani gari da kwanan wata da ya riga wanda aka sani, bayan shekara biyar wani ya kawo wanda ya riga nasa. Da haka, a hankali, aka yi ta matsar da iyakar abin da aka sani, wata bayan wata.

Daga cikin wannan tarin ƙananan bincike ne manyan littattafai suka fito. Philip Beale ya wallafa tarihin harkar wasiƙun Saliyo a 1988. A 1992 Jack Ince da John Sacher suka fitar da The Postal Services of the British Nigeria Region Prior to 1914, wanda ƙungiyar sarauta ta Landan ta buga, kuma har yanzu shi ne madogara ga duk mai son sanin yadda aka tafiyar da wasiƙu a Legas da yankunan bakin teku da Arewa kafin haɗewar 1914. Jeremy Martin da Frank Walton sun rubuta a kan yadda aka riƙa buɗe wasiƙun jama'a ana tantance su a lokacin yaƙunan duniya biyu, da kuma wasiƙun Togo a zamanin da Ingila da Faransa suka ƙwace ta daga hannun Jamus. Duk waɗannan mutane suna da sana'o'insu dabam, wannan aiki na lokacin hutu ne, ba wanda ya biya su.

Ya kamata a tsaya a kan Arewa, domin a nan ne aikinsu ya fi shafarmu. Kafin 1900 kogin Kwara da Binuwai suna hannun Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin sarauta a 1886. Kamfanin bai buga kan sarki nasa ba. Na Ingila ake mannawa, a buga masa tambarin kamfani a Akassa ko Burutu ko Lakwaja, kuma wannan tambari ne kaɗai ke nuna cewa daga bakin Kwara wasiƙar ta taso. Ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Birtaniya ta karɓi ƙasar, ta naɗa Lugga Babban Kwamishina, a cikin wannan shekara kuma aka kawo kan sarki na farko mai ɗauke da sunan Nijeriya ta Arewa. Iri tara ne, daga na ɗari har zuwa na sule goma, dukkansu da kan Sarauniya Biktoriya. A watannin farko wasu ofisoshi ba su da tambari, sai ma'aikaci ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan gari da kwanan wata a kan kan sarkin don kada a sake amfani da shi.

Abin lura shi ne a lokacin da aka buga waɗannan 'yan takardu da sunan Arewa, mafi yawan Arewa ba ta hannun masu bugawar. Kano ba ta faɗi ba sai Fabrairun 1903, Sakkwato sai Maris na wannan shekara. Shekara uku ke nan ana sayar da kan sarkin wata ƙasa wadda manyan biranenta ke ƙarƙashin Sarkin Musulmi, ba su ma san da shi ba. Sarauniyar ta rasu a Janairun 1901, aka maye gurbin kanta da na ɗanta Edward na Bakwai a 1902. Saboda haka lokacin da gidan waya ya iso ƙasar Hausa sosai, kan namiji ne a jikin takardar, kuma haka ya ci gaba har 1953. Babu mamaki da Bahaushe ya kira abin kan sarki, sunan kuma ya zauna ko bayan da Sarauniya Elizabeth ta hau, ya zauna har zuwa yau da ake buga shi da hoton dabbobi da gine-gine. Haka ma gidan waya, sunansa yana tuna mana da wayar tangaraho da Turawa suka ja daga gari zuwa gari a shekarun farko, wadda a ofishi ɗaya ake kula da ita da wasiƙu.

Kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga duk kan sarkin Nijeriya ta Arewa, ta wata dabara ta rage tsada. Farantin da ke ɗauke da kan mai sarauta guda ne ga ƙasashe da dama, sai a yi wani ƙaramin faranti na sunan ƙasa da farashi a buga a kai. Shi ya sa na Arewa da na Gwalkwas da na Saliyo na wancan zamani suke kama da 'yan uwa ciki ɗaya. Masu nazari sun ɓata shekaru suna bin ƙananan tabo da karce a jikin farantan nan don su gane wane bugu ne ya riga wani. Wannan sashe na aikinsu, a gaskiya, bai da wani amfani ga mai neman tarihin jama'a, sha'awa ce kawai ta masu ita. Amma ko a cikinsa akwai abin mamaki. A 1904 an buga kan sarki na fam 25 da sunan Nijeriya ta Arewa, a zamanin da kwabo ɗaya ke kai wasiƙa tsakanin yawancin ƙasashen daular Birtaniya. Fam 25 kwabo 6,000 ne. Babu wasiƙar da za ta ci wannan kuɗi; an yi shi ne don karɓar kuɗin shiga na gwamnati, kuma an fi danganta shi da lasisin shigo da barasa. Yau yana cikin mafi wuyar samu da tsada a duk kan sarkin daular Birtaniya. Ƙasar da aka hana sayar wa 'yan ƙasa giyar Turawa ita ce ta bar wa duniya wannan abin tunawa.

Inda aikin ƙungiyar ya fi daraja shi ne inda ta bar kan sarki ta koma ga ambulan gaba ɗayansa. Ambulan da ya yi tafiya shaida ce da ba a shirya ta don a burge kowa ba. Ma'aikacin da ya buga tambari a Zungeru bai san wani zai duba bayan shekara ɗari ba, aikinsa kawai yake yi. Idan aka sami tambarin tashi a gaba, na Lakwaja da na bakin teku a baya, da na isa a Ingila, an sami lissafin kwanakin kowane zango. Idan aka jera irin waɗannan ambulan ɗari bisa shekarunsu, sai a ga tafiya tana gajarta. Da farko masinja ne a ƙasa da jaka a ka, sai kwalekwale ko jirgin ruwa a Kwara. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, wasiƙa ta koma bin dogo, har aka riƙa ware tarago a cikin jirgi inda ma'aikata ke rarraba wasiƙu jirgi na tafiya, da tambarinsu na musamman. Jirgin sama na farko ya sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamban 1925, cikin jiragen sojan Birtaniya da suka taso daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu a kai a kai tsakanin Hartum da Kano, abin da ya mayar da tafiyar makonni ta koma ta kwanaki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, hanyar da ta taso daga Takoradi ta bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy zuwa Sudan ta zama jijiyar da ta haɗa Amurka da fagen daga na Gabas ta Tsakiya, kuma ambulan na wannan zamani, da tambarin masu tantancewa a jikinsu, suna daga cikin abin da mambobi suka fi yin rubutu a kai.

Tambari yana kuma ba da labarin tashi da faɗuwar garuruwa. Zungeru ta zama hedikwata a 1902, wasiƙun gwamnati suka riƙa fita daga can. Da aka mayar da hedikwata Kaduna a 1917, sai garin ya koma tashar jirgi kawai. Haka yake ga yankin Mubi da maƙwabtansa, wanda a da yake cikin Kamaru ta Arewa. A watan Oktoban 1960, da Nijeriya ta sami 'yanci, aka ɗauki kan sarkinta aka buga masa ƙarin rubutu mai nuna cewa na Kamaru ne da ke hannun amanar Birtaniya. An sayar da shi a can na 'yan watanni, har aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961, yankin ya shigo Nijeriya ranar 1 ga Yuni da sunan Lardin Sardauna. Ambulan da aka buga wa tambari a waɗannan watanni takwas yana riƙe da wani ɗan lokaci da mutanen wurin ba 'yan Nijeriya ba ne, ba kuma 'yan Jamhuriyar Kamaru ba.

Hotunan da ke jikin kan sarki su ma abin karatu ne, ko da yake nan ƙungiyar ta fi kula da yadda aka buga su fiye da abin da suke nufi. Jerin 1936 ya nuna hasumiyar Gobarau ta Katsina a kan na sisi, da shanun Fulani a kan na sule. Jerin 1953 ya sa mahayan Barno a kan na kwabo, gyaɗa a kan na ahu, kuza a kan na kwabo biyu, gadar Jebba a kan na taro, fatu da ƙiraga a kan na sule goma. Wanda ya jera su zai ga yadda mai mulki yake kallon ƙasa: rumbu ce ta kayan da ake lodawa a jirgi, da ɗan adon gargajiya a gefe. A Maris na 1959, da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta, aka fitar da guda biyu, ɗaya da zauren Lugga na Kaduna, ɗaya da babban masallacin Kano.

Wani aikin da ya riƙe ƙungiyar shi ne yaƙi da jabu, domin duk inda abu ya yi tsada maƙaryata sukan biyo. Jean de Sperati, wanda ya yi aikinsa a Faransa, ya kwaikwayi manyan kan sarkin Legas na ƙarni na sha tara da gwanintar da ta ruɗi masana. A Landan kuma an yi wani maƙerin tambarin ƙarya da aka sani da laƙabin Madame Joseph, wanda ya sassaƙa tambarin garuruwa da dama na daular Birtaniya, har da na Afirka ta Yamma; kayan aikin nan yanzu suna ajiye a hannun ƙungiyar sarauta. Hanyar kama irin wannan ita ce a san tambarin gaskiya ciki da waje, tsayin harufansa da shekarun da ya yi yana aiki. A shekarun 1990 jabun ya sauya salo ya dawo gida, lokacin da 'yan damfara suka riƙa manna kan sarkin ƙarya a kan dubban wasiƙun yaudara da suke aikawa ƙasashen waje daga Nijeriya. Mambobin ƙungiyar suka tattara waɗannan ambulan suka yi nazarinsu kamar yadda suka yi wa na zamanin Biktoriya, haka kuma suka yi wa kan sarkin Biyafara na 1968 zuwa ƙarshen yaƙin basasa.

Sai dai akwai iyaka ga abin da idon ƙungiyar yake gani, kuma iyakar ta samo asali ne daga ranar da aka haife ta. Taswirarta ta mulkin mallaka ce. Ta faɗaɗa ta ɗauki Togo da Kamaru, har da tsibiran Sent Helena da Ascension da ke tsakiyar Tekun Atlantika, amma ƙarfin aikinta yana kan ƙasashen da Ingila ta mulka. Damagaram, wadda ta kasance hedikwatar Nijar har 1926, kuma ganuwar barikinta ta fito a kan sarkin ƙasar na wannan shekara, ta fi shiga lissafin masu nazarin ƙasashen Faransa. Ƙasar Hausa da aka raba biyu a teburin Turai ta sake rabuwa biyu a kundin masu tarawa, alhali fatake da malamai da dangi ba su daina aika wa juna saƙo tsakanin Katsina da Maraɗi ba.

Iyaka ta biyu ta fi wannan zurfi. Mafi yawan ambulan da suka tsira na Turawa ne, hafsa ya rubuta wa mahaifiyarsa, ɗan mishan ya rubuta wa cocinsa, wakilin kamfani ya rubuta wa ofishinsa. Sun tsira domin sun isa ƙasar da ake adana takarda a akwati, inda babu gara. Wasiƙar ɗan kasuwar Kano zuwa ga abokin cinikinsa a Kumasi, ko ta almajiri zuwa ga malaminsa, ba ta cika samun wannan gata ba. Bayan haka, tarihin aika saƙo a wannan ƙasa bai fara da kan sarki ba. Daular Usmaniyya tana da tsarin wasiƙu tsakanin Sakkwato da masarautu, da Larabci, da hatimin mai aikawa, da manzanni da aka sani, ofishin Waziri kuma shi ne cibiyarsa. Wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya wallafa a 1927, sun isa shaida. Wannan tsari bai shiga fagen masu tara kan sarki ba, tunda babu abin mannawa a jikinsa. Ba na ganin laifinsu a nan, sun yi abin da suka ce za su yi, sun kuma yi shi da kyau. Giɓin namu ne.

Abin da ya sa maganar take da gaggawa shi ne yadda kayan suke. Tarin da mutum ya shekara arba'in yana haɗawa ba ya zama wuri ɗaya bayan ransa. Magada sukan kai shi gidan gwanjo, a rarraba shi kashi-kashi, ambulan Zungeru ya tafi wata ƙasa, na Yola ya tafi wata. Abin da ke saura shi ne hoton da aka buga a Cameo da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, kuma ƙungiyar ta yi abin kirki da ta mayar da tsofaffin fitowar mujallar zuwa kwamfuta yadda mai bincike zai iya karantawa daga ko'ina. A nan gida kuwa, tun da aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho a 1985 aka kafa NIPOST, wasiƙar hannu sai ja da baya take yi, wayar salula ta ƙarasa abin da ya rage, tsofaffin tambura da rijistocin ƙananan ofisoshi kuma ba su da mai tambayarsu. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin larduna na zamanin Turawa, inda razdan da di'o suke rubuce-rubuce a kan sha'anin mulki na yau da kullum, ciki har da hanyoyi da masinjoji da buƙatar buɗe ofisoshi. Rabin labarin yana cikin waɗannan fayiloli, ɗaya rabin yana cikin kundin wani dattijo a Ingila, kuma ɗalibin tarihi a Zariya ko Kano ko Sakkwato ya fi kowa kusa da rabin farko.